Shekarar da Aka Kai Halina Awo Sakkwato

Kun taso kuna jin ana cewa an taɓa kai ubanku gidan mahaukata. An kai ni. Ba a ɗaure ni ba, ba a yi mini allura ba, ban kwana ba. Kun kuma taso kuna ganin Baffanku Umaru bai taɓa sa hannu a kwanon gidan nan ba har ya bar duniya, kuma ba wanda ya gaya muku dalili. Maganar guda ce. Zan faɗe ta sau ɗaya a rubuta, kada a sake tambayata.

Ba a daɗe da yanke mu daga Sakkwato aka ce mu 'yan Kebbi ne ba. Lokacin ni mahaƙin rijiya ne a Jega, kuma ba Garba kawai ake ce mini ba, Garba Rediyo ake cewa. Ku ba ku san wannan mutumin ba. A sana'armu mahaƙi ba ya yin shiru a ƙasa. Akwai muguwar iska da ke kwanciya a gindin rijiya, ba ta da wari, sai dai mutum ya ji barci ya zauna, shi ke nan. Don haka wanda ke ƙasa dole ya riƙa magana ko waƙa, masu jan igiya su san yana nan. In suka ji shiru, su jawo shi. Wasu sukan yi don dole. Ni bakina ya samu wurin zama. Ina ƙasa ina tsokanar na sama, na fito ina tsokanar mai rijiya, na koma gida ina kwaikwayon tafiyar liman har uwarku Kulu ta zauna a ƙasa don dariya. Ta haka na same ta ma. A bayan gidansu a Maiyama na haƙa rijiya, tana kawo wa ma'aikata fura, muryata ta fara sani kafin fuskata. Lokacin da abin ya faru muna da Sa'adatu tana gudu, Nasiru yana goye.

A wani lambun albasa a Dangamaji ne, ƙarshen rani. Ƙasar rairayi ce, na sani, na kuma shiga. Da hantsi gefen rijiyar ya zubo. Zoben siminti ɗaya ya karkace ya tokare a kaina, shi ya bar mini ɗan wurin numfashi. Na yi ihu. Na yi waƙa. Na zagi masu igiya da sunan uwayensu don su ji ta inda za su tono. Can muryar ta ƙare, ina buɗe baki ba abin da ke fita sai rairayi da ke shiga. Rana na gab da faɗuwa suka iso kaina. Ƙashin kafaɗata ya karye, aka kai ni Aliero wurin masu ɗori, suka ɗora, ya kama. Muryar ma ta dawo. Maganar ce ba ta dawo ba.

Ba fushi nake yi ba, ba kuma niyya na yi ba. Magana takan taso har maƙogwaro, sai in duba in ga ba ta da amfani, ta koma. Na daina kwana a ɗaki, na fito da tabarma tsakar gida, ko ana yayyafi. In an rufe ƙofa gumi ya karyo mini. Aka yi rubutu na sha, aka yi hayaƙi, aka yi addu'a. Matan unguwa suka ce mutanen rijiya sun riƙe Garba sun aiko da nasu. Kulu ta jure damina guda. Takan zauna kusa da ni ta fara ba ni labari, ta tsaya daidai inda da can zan sa baki in lalata labarin, ta jira. Ni ma in jira. Rannan Sa'adatu ta yi tuntuɓe ta faɗa kan murhu, hannunta ya taɓa garwashi, tana ƙara. Ina zaune kusa. Ina gani, ina ji, jikina ya ƙi tashi. Kulu ce ta fito daga wanka da kumfa a jiki ta ɗauke ta. Tabon da ke hannun yayarku ke nan. Kashegari ta goya ɗaya, ta ja ɗaya, ta hau mota zuwa Maiyama.

Yaya Umaru ya je biko. Surukina Malam Altine mutum ne mai magana ɗaya. Ya ce shi bai ce hauka ba ce, bai ce aljani ba ne, amma ba zai mayar da ɗiyarsa da jikokinsa ba sai wanda ya san abin ya duba ni ya ce hankalina lafiya, kuma ni ne dai wanda ya ba aure. Wani malamin asibiti a Jega ya gaya wa Yaya cewa a Sakkwato akwai likitan da ba ya duba jini, ba ya duba ƙashi, halin mutum yake aunawa. Yaya ya dawo ya tsaya a kaina.

“Garba, tashi mu tahi. An ce akwai mai awon hali.”

Na dube shi.

“Kak ka tambaye ni ko da mudu shika yi ko da sikeli, ni ma ban sani ba. Sa babbar rigarka.”

Muka bi ta Aliero, motar cike da buhunan albasa da mutane a kansu. A hanya Yaya ya yi ta yi mini huɗuba. Kada in ba da mu. Kada in ce ina jin tsoron ɗaki. In an tambaye ni abu in dube shi tukuna. Shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, shi ya biya mini sadaki, ban taɓa cewa a'a a gabansa ba. Na ce to.

Asibitin ya ba ni tsoro daga ƙofa. Akwai wani a tsakar fili yana ba bishiya umarni. Amma ɗakin da aka kai mu ɗaki ne kawai, tebur da kujeru da fanka da ba ta juyawa. Likitan saurayi ne siriri, Hausarsa ta wajen Zariya. Ba shi da abin sawa a kunne na sauraron ƙirji, ba shi da farar riga. Ya tashi zai rufe ƙofa, ya dubi fuskata, ya bar ta a buɗe. Ya fara da Yaya. Ya ce kafin ya san ko mutum ya canza sai ya san yadda yake a da, don haka a gaya masa halina tun ina yaro.

A nan ne aka yi kuskuren, kuma ku fahimta, ba mugunta ba ce. A wurinmu in baƙo mai daraja ya tambaye ka halin ɗan'uwanka, abin da ake faɗa sananne ne. Ba wanda zai ce wa likita ƙanena mai surutu ne, mai waƙa, mai kwaikwayon liman. Wannan tonon asiri ne. Yaya ya gyara zama ya yi mini shaidar da ake yi wa mai neman aure.

“Likita, wanga yaro tun yana ƙarami shiru-shiru na. Mai haƙuri, mai kunya. Ba ka jin bakinshi. In ba ka ce mishi ba, ba ya ce maka.”

“Ba ya wasa da mutane? Ba ya hira?”

“Wasa? Allah shi kiyaye. Gidanmu ba mu da sakarai.”

“To matarsa fa? Da ta zo, da na so in ji ta bakinta.”

“Mace mi za ta sani, likita? Ni na raine shi.”

Ina zaune ina jin ana kwatanta wani mutumin kirki da ban taɓa gamuwa da shi ba. Likita ya rubuta. Daga nan ya ce Yaya ya jira a waje. Yaya bai so ba, amma ya fita, ya zauna a benci inda nake hango ƙafarsa. Likita ya matso da kujera ya ce yanzu mu biyu ne, abin da yayana ya faɗa haka ne? Na dubi ƙafar nan. Na ce yadda Yaya ya faɗa. Ya sake tambaya ta wata hanya. Na sake ba shi amsar.

Sai aka shiga awon. Har yau ban gane shi ba. Ya ɗauko wani littafi yana karanto mini magana ɗaya-ɗaya, wai in ce haka ne ko ba haka ba. Wai na fi son zama ni kaɗai. Na ce haka ne, don yanzu haka ne. Wai a wurin biki ni ne ke sa mutane dariya. Na buɗe baki na rasa wa ake tambaya, na da ko na yanzu. Na ce ba haka ba. Wai ina jin ana kallona ko da ba kowa. Na ce Allah na kallona. Ya ce ban da Allah. Na ce mala'iku. Ya yi murmushi ya ce ban da su. Wai ina son ganin furanni. Na ce na albasa ko na me? Wai wani lokaci ina jin kamar ba ni ba ne. A nan na daɗe. Ya jira, bai matsa ba. Ƙafar Yaya ta motsa a benci. Na ce ba haka ba. Tambayoyin suka yi ta zuwa, wasu su tafi su dawo da wata riga, har na daina sanin abin da na ce a baya. Na fara zargin ko yana so ya kama ni ne kamar alƙali. Na kuma ga ba shi da fuskar mai kama mutum.

Bayan azahar ya fito da wasu kwalaye, kowanne an zuba masa tawada an ninke ta bazu gefe biyu.

“Me ka gani a nan?”

“Tawada ta zube.”

“Haka ne. Amma da me ta yi kama?”

“Da ɓarna.”

Ya yi dariya sosai. Na ji wani abu ya motsa a cikina, don na daɗe ban sa mutum dariya ba, kuma wannan ban yi da niyya ba. Ya ce in ƙara dubawa, ba amsar da ta fi wata. Na ce wannan jemage, wannan fatar akuya an shanya, wannan mata biyu na daka. Ya rubuta duk, har da daɗewar da na yi kafin in amsa. Ɗaya baƙi ƙirin ne da ɗan fari a tsakiya. Na kife shi a kan tebur. Bai ce in buɗe ba. Ƙarshe ya ba ni fensir ya ce in zana mutum. Ban taɓa riƙe fensir ba. Na kama shi kamar dagi, takardar ta huje. Ya ba ni wata. Na yi kai, na yi ƙafafu, na miƙa masa. Ya ce ba baki? Na duba, ashe ban sa ba. Na karɓa na ja layi.

Ya ce mu dawo bayan mako. Muka dawo. Ya zaunar da mu ya yi bayani a hankali. Ya ce ba ni da hauka, ko kusa. Ya ce tsoron rijiyar nan ya zauna a jikina, shi ke hana ni ɗaki, shi ya sa na ƙame ranar da yarinya ta ƙone, kuma wannan ana samun sauƙinsa in zan riƙa zuwa muna magana. Game da hali kuwa, ya ce bisa abin da muka gaya masa da abin da ya gani, ni mutum ne mai zurfin ciki tun asali, wanda ba ya son hayaniya, haɗarin ya ƙara masa ne kawai. Ya ce bisa abin da muka gaya masa. Sau biyu ya faɗi haka yana dubana. Yaya ya ce alhamdulillahi, ya miƙe tun likita bai rufe baki ba.

A mota Yaya na murna yana saya wa mutane rake. Ni kuwa kaina ya kulle. Mutum ya yi karatu har ƙasar waje, an ce, ya auna ni wuni guda, ya ce haka nake tun asali. To ko gaskiyarsa ce? Ko dama shirun ne ni, surutun kuwa kayan aiki ne kamar igiya da guga, na saba da shi har na ɗauka nawa ne? Na nemi waƙa ɗaya daga cikin waɗanda nake yi a ƙasa. Kalmomin na nan, na san su duka, amma kamar rigar wani. Na ce to ko Rediyon ne aljanin, rijiya ta cire mini shi. Na ce ko Yaya bai yi ƙarya ba, shi ya san ni tun ban san kaina ba. Muka wuce Aliero ban san mun wuce ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko muka je Maiyama. Malam Altine na zaure a kan buzu, da ƙannensa biyu. Na zauna can bakin ƙofa na sunkuyar da kai, yadda suruki ke yi. Na san Kulu na bayan ƙofar cikin gida, ina jin Nasiru na ƙananan kuka. Yaya ya zayyana komai. Ya rantse, kuma bai ƙara ko kalma a kan abin da likita ya ce ba. Ba hauka. Ba canji. Haka yake tun asali. Malam ya gyaɗa kai ya ce shi ya yi alkawari, magana ta ƙare. Ya ɗaga murya.

“Kulu, kin jiya. Haɗa kayanki.”

Sai muryarta ta fito daga bayan ƙofa.

“Baba, in haka shike tun asali, to wa anka aura mini?”

“Ke, likita ya yi magana.”

“Na jiya, Baba. Zan bi. Ashe ni ta mahaukaciyar. Shekara da shekaru ina zaune da mutum shina hana ni barci da dariya, ashe mafarki nika yi. Ku ma da kunka ce a rage mishi surutu ranar ɗaurin aure, mafarki kunka yi.”

Duk wanda ke zauren nan ya san Garba Rediyo. Malam da kansa ya taɓa korata daga bakin rijiyarsa don na hana shi karatu. Amma an samu mafita mai mutunci, likita ya faɗa, babba ya rantse, kowa ya ga gara a bi ta nan. Na ji Kulu tana jan hanci tana cewa Sa'adatu ta ɗauko takalmanta. Na ci nasara ke nan. In na yi shiru, abin da na fi iyawa, da la'asar matata da 'ya'yana na cikin mota. Sai dai za ta shiga gidana a matsayin wadda ta ƙirƙiri miji a kanta, ni kuma in zauna kusa da ita na san ba haka ba ne. Ban yi dogon tunani ba. Na ji bakina ya buɗe a gaban surukina, abin da ban taɓa yi ba ko a zamanin surutu.

“Baba, gaskiyar Kulu ta. Likita bai san ni ba, abin da munka ba shi ya auna. Na canza. Wanda kunka ba aure bai hito rijiya ba. Ni ma nemanshi nika yi.”

Yaya ya juyo ya dube ni. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Na ƙaryata shi a gaban surukai, bayan ya rantse, shi da ya bar gonarsa ya yi ta jigila da ni. Ya tashi, ya sa takalmi, ya fita. Ko sallama bai yi ba. Daga ranar muna gaisawa a masallaci da wurin jana'iza, iyakarta ke nan. Na je ban haƙuri, na aika manya. Ya ce ya yafe, kuma na yarda ya yafe, amma bai sake zama a tabarmata ba. Kada ku riƙe shi da wannan. Rufa mini asiri ya yi yadda ya iya, ni na yaye.

Malam Altine ya daɗe yana jan carbi. Ya ce to, tunda da bakina na ce ba ni ba ne, shaidar likita ta faɗi, shi kuma ba zai ba baƙo ɗiyarsa ba. In tashi in tafi, Allah ya ba ni lafiya. Na tashi. Na hau mota ni kaɗai na koma Jega, ba wa, ba mata. A hanya na yi ta tambayar kaina abin da na yi ke nan. Na koma Sakkwato sau ɗaya ni kaɗai na gaya wa likitan gaskiya. Bai yi fushi ba. Ya ce ya ji a jikinsa, amma ba ya rubuta abin da ba a gaya masa ba. Na ce to yanzu wanne ne ni? Ya ce wannan awonsa ba ya faɗa. Ya ce in riƙa zuwa. Kuɗin mota da aikin gona suka hana, don na bar haƙa na koma noman albasa a Katanga.

Aka yi girbi, aka yi dashe. Ban aika Maiyama ba, don ban san me zan ce ba. Rannan ranar kasuwar Jega na dawo daga lambu da yamma, na tarar an share tsakar gida, hayaƙi na tashi a murhu. Sa'adatu ta leƙo ta koma da gudu. Nasiru na tafiya da ƙafarsa. Har yau ban san abin da Kulu ta gaya wa mahaifinta ba, ban tambaya ba, ba ta faɗa ba. Tana tsugune tana hura wuta, ba ta ɗago ba. Na tsaya da fartanya a kafaɗa kamar wanda ya shigo gidan mutane.

“Sannu da zuwa,” in ji ta.

Na ce yawwa.

“Wancan na san abin da shika so, miyar kuka da yaji har shi yi hawaye. Kai ban sani ba. Mi kaka son ci?”

Na tsaya na duba cikina da gaske. Na ce ban sani ba.

“To zauna,” ta ce. “Mu fara da kuɓewa, mu gani.”

Na ajiye fartanyar na zauna.